Ruwan Sabulu a Birki

Na ji abin da aka faɗa wa Zainabu a gidan suna makon jiya, na kuma ji yadda ta dawo ta shige ɗaki ta ƙi cin abinci. Wai wata tsohuwa ce ta dube ta a gaban mata ta ce ai wannan jikar direban nan ce da ya ji tsoro ya tura ƙaninsa ya mutu a madadinsa. Tun gemuna yana baƙi nake jin wannan magana a bayan kunnena, a tasha, a masallaci, har a wajen jana'iza, ban taɓa tanka wa kowa ba. Na ɗauka idan na yi shiru za ta tsufa ta mutu tare da masu yin ta. Ashe gadonta ake yi kamar gona. To tunda ta kai ga jikokina, zan faɗa muku yadda aka yi, ku da na haifa da ɗan da ƙanena Ilu ya bari. Ba wanke kaina zan yi ba. Akwai inda na yi laifi, kuma zan nuna muku wurin da yatsana. Amma laifin da na yi daban, wanda aka ɗora mini daban.

A shekarar babban fari ne, kuma shekara ta biyu ke nan da damina ta juya mana baya. Kun san ƙauyenmu, gona a jikin gona, ba inda za ka sa ƙafa ba ka taka shukar wani ba. To a wannan shekarar kana tsaye a ƙofar gidanmu sai ka hango har bishiyoyin hanyar Ɗambatta, babu kara ko ɗaya da zai tare maka ido. An yi ruwa aka yi shuka, ya ɗauke. Aka sake shuka da ɗan irin da ya rage, ya sake ɗaukewa. Gero ya kai gwiwa ya bushe a tsaye, gyaɗa ta kanannaɗe tun tana ƙarama. Rumbunan Baba, waɗanda tun ina yaro ban taɓa ganin ƙasansu ba, aka shiga aka share su da tsintsiya. Mata suka koma dafa tafasa da dusa, wasu har gidan tururuwa suka dinga tonawa. Baba ya sayar da bijimansa na noma, daga baya ya sayar da jakinsa, ranar kuwa bai yi wa kowa magana ba. A gidan akwai shi da Inna, da ni da uwarku Hajara, da ƙanena Ilu da amaryarsa Rabi mai tsohon ciki, da 'ya'yan yayarmu da aka kawo mana don can gidansu ya fi namu muni. Duk bakunan nan, abin da na shigo da shi daga mota shi suke ci.

Gingimari nake ja, tsohuwa mai bodin katako, ta wani Alhaji a Ɗambatta. Ba zan rubuta sunansa ba, don jikokinsa ba su yi mini komai ba, kuma ni na san zafin a jefi yaro da aikin kakansa. Shi fari bai same shi ba, fari ma shi ya gina shi. Yana saye hatsi daga kudu ya tara a wani sito a Bacirawa, lokacin tana ƙauye a bakin Kano, ni kuma in ɗebo in kawo Ɗambatta, daga nan in bi kasuwannin ƙauye. Ladana da dawa yake biyana, a auna mini bayan kowane sawu, don a lokacin ko kana da kuɗi ba lallai ka samu mai sayar maka ba. Ya sa kafinta ya ƙara wa bodin tsawo, ana loda buhuna har sai motar ta durƙusa, sannan 'yan kasuwa su hau saman buhunan da kajinsu da ƙwaryarsu. Duk wannan na haɗiye. Lodi ya yi yawa, sai ka rage gudu. Taya ta suɗe, sai ka kauce wa rana tsaka. Amma da birki ya lalace, nan dabara ta ƙare.

Bakaniken tasharmu Yohanna ne, daga unguwar Maguzawa da ke yamma da mu, iyayensa sun shiga addinin Kirista tun yana ƙarami. Duk yankin babu hannun da ya kai nasa, inji na tashi zai gaya maka ciwonsa daga nesa. Shi ya shiga ƙarƙashin motar ya nuna mini bututun birki ya tsage, mai yana ɗiga, robobin masta, wato tukunyar man birki, kuma sun cinye. Ya ɗaure tsagar da roba da waya don dai in kai gida, muka je wurin Alhaji tare.

"Alhaji, wannan ba gyara na yi ba, ɗauri na yi," in ji Yohanna. "Sai an sayo bututu da robobi a Kano. Kwana biyu kawai motar za ta tsaya."

"Kwana biyu? Kasuwa za ta jira ni?" in ji Alhaji. "Ba man ne ke zuba ba? A kaɗa sabulu a ruwa a cika. Duk direbobi haka suke yi."

"Ruwan sabulu yana kamawa da sanyin safiya, Alhaji. In ƙarfe ya yi zafi, ba ya kama komai."

"Kai dai ka iya surutu. Tsari na Allah ne."

Wannan kalma ta ƙarshe ita ce ta fi ci mini rai, har yau. Mutum ya hana abin da zai tsare rayukan bayin Allah, sannan ya ɗauki sunan Allah ya toshe maka baki da shi, yadda in ka ƙara magana kai ne mai raunin imani.

Na yi mako uku ina jan motar nan da ruwan sabulu. Ina so ku san wannan, don kada wani ya ce muku ban iya jure tsoro ba. Kullum da safe in kaɗa sabulu a gwangwani in cika, in ɗauki galan guda a bayan kujera. Idan zan tsaya a wuri, tun daga nesa nake fara shiri: in sauke giya ɗaya bayan ɗaya, in yi ta bugun birki da ƙafa, sau uku, sau huɗu, kafin ya ɗan ciji. Duk gangarar da ke tsakanin Kano da kasuwannin arewa na haddace ta kamar karatu. Mutanen da ke saman lodi suna hira suna dariya, ba su san abin da ake ciki a ƙasa ba. Na rame, ba don yunwa kaɗai ba.

Ranar da abin ya ishe ni, ina shigowa Ɗambatta ne da azahar, rana ta take. Wata mata ta fito daga lungu da goyo a baya da tulu a kai, ta shiga titi. Na taka birki ya tafi ƙasa salin-alin, kamar na taka auduga. Na buga, na buga, babu. Na danna oda, ta juyo ta tsaya cak a tsakiyar hanya, tsoro ya kafe ta. Na ga fuskarta, na ga kan jaririn ya leƙo ta gefen kafaɗarta. Allah ya taimake ni akwai tulin yashi da wani ya zube a gefe zai yi gini, na murɗe sitiyari na cusa kan motar a ciki. Mutum biyu suka faɗo daga sama, ɗaya ya gurɗe a hannu. Matar ta ajiye tulun ta zauna a ƙasa tana salati. Ni kuwa na zare makulli na sauko. Daga nan na nufi zauren Alhaji a ƙasa.

Na same shi a kan kilishi da mutanensa, an ajiye masa fura mai nono. Har yau ina ganin farin nonon nan. Na gaishe shi kamar yadda aka saba, na faɗa masa abin da ya faru.

"To alhamdu lillahi, ba wanda ya mutu," in ji shi. "Gobe kasuwa ce, a yi lodi da wuri."

"Alhaji, ba zan sake tayar da motar nan ba sai an gyara birki."

"Haruna, ni kake kafa wa sharaɗi? A wannan shekarar?"

"Ba sharaɗi ba ne, Alhaji. Rayukan mutane nake ɗauka."

"Rayukan gidanku fa, wa ke ɗauke da su?" Ya yi murmushi ya dubi mutanensa. "Direbobi nawa ne ke zaune a tasha suna hamma? In ka gaji, ajiye."

Na ajiye. A kan kilishin, kusa da ƙwaryar furar, na ajiye makullin na fita. Ban ba kowa shi a hannu ba. Mutum shida ne ko fiye a zauren nan suka gani da idonsu, kuma da ranar faɗar gaskiya ta zo, babu ɗaya da ya tuna.

Na iso gida bayan la'asar hannu rabbana. Baba na zaune a gindin darbejiya yana gyaran wata tsohuwar igiya da babu dabbar da za a ɗaura da ita. Ya dubi hannuna kafin ya dubi fuskata. Na durƙusa na ba shi labari tun daga farko. Inna na bakin murhu tana ji, Ilu na jingine da bango.

"Ka ajiye aiki," in ji Baba.

"Baba, motar ba ta da birki."

"Mako uku kana jan ta ba birki, ba ka mutu ba. Yau da tukunyar uwarka ta ƙare ka ga dama ka ajiye?"

"Yau na kusa taka mace da goyo."

"Ka taka ta?"

"A'a."

"To waɗannan fa?" Ya nuna 'ya'yan yayarmu da ke zaune a tabarma, cikinsu ya kumbura, wuyansu kamar kara. "Waɗannan ba sai ka taka su ba. Zama kawai za ka yi, su tafi da kansu. Ka koma ka ba mutumin nan haƙuri."

"Wallahi Baba, ba zan koma ba."

Ban taɓa yi wa Baba rantsuwa a fuska ba sai ranar. Ya ajiye igiyar, ya tashi ya shige ɗakinsa. Ba na jin haushinsa yanzu kamar yadda na ji a da. Mutum ne da ya ciyar da unguwa daga rumbunsa, ga shi yana jiran awon wani kafin a ɗora tukunya a gidansa. Amma kalmar da ya faɗa ba ni kaɗai na ji ta ba. Ilu ma ya ji.

Ilu ni na koya masa tuƙi. Ya yi shekara biyu yana jan a-kori-kura ta wani mai shago, da fari ya yi tsanani aka sayar da ita ya dawo gida ya zauna. Hannunsa mai kyau ne, amma bai saba da babbar mota ba, balle mai lodi irin na Alhaji. Mutum ne mai fara'a, mai son waƙa, kowa nasa ne. Kafin magariba ya same ni a bakin rijiya.

"Yaya, da gaske birkin ba ya kamawa ko kaɗan?"

"Da safe yana kamawa. In rana ta yi, babu."

"In mutum ya fita da wuri fa, ya tafi a hankali?"

Na juyo na dube shi. "Kada ka kuskura."

"Tambaya kawai na yi, Yaya."

"Na ce kada ka kuskura. In ka taɓa motar nan, babu ni babu kai."

Ya yi dariya ya karɓi gugan daga hannuna ya ce in je in huta. Iyakar abin da na faɗa masa ke nan. Na yi masa tsawa kamar yaro, na ɗauka na gama. Ban zaunar da shi na gaya masa gangarar rafi da ke hanyar kasuwar gobe ba, yadda take da kwana a ƙarshenta da gada mai cin mota ɗaya. Ban gaya masa a wace bishiya ake fara sauke giya ba. Na ƙi koya masa don kada koyarwar ta zama izini.

Ga laifina, ku ji shi da kyau. Da aka idar da sallar asuba ban ga Ilu a sahu ba, kuma na san inda ya tafi. Wallahi na sani. Akwai keken maƙwabcinmu, da na ara da na isa tasha kafin a gama lodi. Da na tsaya a gaban motar na ɗaga murya na gaya wa duk mai shirin hawa cewa ruwan sabulu ne a birkinta. Tun jiya ma, kafin in ajiye makulli, sai da zuciyata ta ce in cire wani abu a injin in jefa a rijiya yadda ba mai tayar da ita, na ji tsoron a ce na yi wa Alhaji ɓarna a kira mini 'yan sanda. Ko kuma, in duk wannan ya gagara, da na karɓi sitiyarin daga hannun ƙanena, tunda ni na san halinta. Ban yi ko ɗaya ba. Fushi nake yi. Ina fushi da Alhaji, ina fushi da Baba, ina fushi da Ilu da ya raina maganata. Na ce a raina bari su gani. Na ɗauki fartanya na tafi gonar da babu komai a cikinta, na yi ta saran busasshiyar ƙasa don kada in zauna a gida a kalle ni.

A can Yohanna ya same ni, rana ta ɗan karkata. Na hango shi a kan keke yana tahowa ta cikin gonaki ba ta hanya ba. Ya sauka bai tsaya jingine keken ba, ya bar shi ya faɗi.

"Haruna, zo mu je."

"Gadar rafi?"

Ya sunkuyar da kai.

Alhaji ya riƙe su a tasha har hantsi ya wuce, wai sai an ƙaro buhuna, saboda haka fitar wuri da Ilu ya ƙudura ba ta samu ba. Sun isa gangarar da rana tsaka. A shekarar mutanen arewa suna ta kwararowa kudu da abin da ya rage musu na dabbobi, kuma a daidai lokacin wani ayari yana kan gadar, mata da yara a kan jakuna, da shanu da ƙyar suke ɗaga ƙafa. Wani dattijo daga cikinsu shi ya ba ni labari a bakin rafin, yana yi hawaye na bin gemunsa. Ya ce sun ji oda tun daga sama ba ƙaƙƙautawa, sun ga direban ya fito da kai yana ihu a kauce, yana kuma yi wa na saman lodi ihu su yi tsalle. Wasu sun yi tsallen sun tsira. Gadar kuwa ba inda za a kauce. Ya ce da motar ta zo gab da su, sai suka ga ta juya kai da gangan ta bar hanya ta faɗa rafin. Babu ruwa a ciki, yashi ne da duwatsu. Ko akuyar mutanen nan ba ta ji ciwo ba.

Na sauka na same ta a kife, tayoyi a sama, buhuna sun fashe, gas ɗin tankinta yana tsiyaya a kan dawa. Sitiyari ya danne wa Ilu ƙirji. Tare da shi akwai mutane daga ƙauyuka uku da buhuna suka rufta wa, cikinsu da wata tsohuwa mai sayar da daddawa da na sha ɗauka kyauta. Kuma tun ba a gama fito da gawarwaki ba, sai ga yaran Alhaji da buhunan wofi suna kwashe dawar daga cikin yashi. Na ga wannan da idona. Ina rungume da kan ƙanena, su suna tsallake ƙafafunsa da kwano a hannu.

Da muka shigo da shi gida, Inna ba ta yi kururuwa ba. Kun san ni ne ɗanta na fari namiji, kuma saboda kunya irin ta mutanen da, tunda ta haife ni ba ta taɓa kama sunana ba. "Kai" take ce mini, ko ta aiko a kira "wancan". Ranar ta tako har gabana, a gaban jama'a, ta dube ni.

"Haruna," ta ce. "Ina ka je da safe?"

Ba ta sake tambaya ba, ba ta kuma sake kiran sunan ba har ta koma ga Allah.

Kafin a yi kwana biyu labari ya sauya kama. A tasha aka fara cewa motar lafiyarta ƙalau, rashin ƙwarewar yaro ne. Aka ce ni na ji tsoron hanyar na ba ƙanena makulli na ɓuya a gona. Alhaji ya rantse ba wanda ya taɓa yi masa maganar birki. 'Yan sanda suka zo, suka shiga zaurensa, suka jima, suka fito suna sakace. Mutum ɗaya ne ya tsaya a tsakiyar tasha ya faɗi gaskiya da ƙarfi, shi ne Yohanna. Ya ce shi ya ɗaure bututun da hannunsa, shi ya roƙi Alhaji a sayo sabo, kuma a je a buɗe masta a shinshina. Sai aka ce wa zai ɗauki maganar Bamaguje a kan ta Alhaji. Mutanen da ya yi shekaru yana gyara musu mota, wasu ma kyauta, suka daina kawo masa aiki. Kafin kaka ya tattara kayan aikinsa ya koma Kano, ban sake ganinsa ba. Idan kun taɓa jin na yi faɗa da wani don ya zagi mutanen unguwar yamma, to dalilin ke nan. Shi ya yi abin da masu sallah a sahun gaba suka kasa.

Alhaji kuwa ya sayi sabuwar mota kafin damina, ya yi tsawon rai, ya gina masallaci, ya mutu a kan gadonsa, aka cika gari da jana'izarsa. Malamai sun ce mini in bar wa Allah, na bar masa, amma kada wanda ya ce muku na yafe. Ni kuma ban sake riƙe sitiyari ba. Na yi dako, na yi leburanci a wajen gini, na koma gona da ruwa ya dawo. Duk abin da kuka rasa kuna yara wanda 'ya'yan direbobi suka samu, daga nan ya faro.

Saura ranar sadakar uku. Ita ce ban taɓa ba kowa labarinta ba, ko uwarku da ta gani ba mu taɓa tayar da zancen ba.

Muna zaune a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa, kwana biyu ba a ɗora tukunyar kirki ba, sai ga Alhaji da tawagarsa, babbar riga tana ƙamshin turare. Ya zauna ya yi addu'a mai tsawo, aka shafa. Ya ce wa Baba Ilu ɗansa ne shi ma, kwana ne ya ƙare. Sannan ya yi nuni, yaransa suka sauke buhun dawa guda a gaban Baba. Jama'a suka ɗauki sa albarka. Ni ina kusa da buhun, sai wari ya bugi hancina. Gas. Na sa hannu ta bakin ɗinkin na ɗebo, ga yashin rafi a ciki. Dawar da aka kwashe daga ƙarƙashin motar ce, wadda ba za ta sayu a kasuwa ba, ita ya kawo mana ta'aziyya.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na zare wuƙar da ke kugun wani mahauci a gefena, jama'a suka watse suna salati, sun ɗauka Alhaji zan nufa. Buhun na nufa. Na farke shi daga sama har ƙasa, na kama gindinsa na zazzage a gaban Alhaji, dawa ta rufe masa takalma.

"Kwashe abinka!" na ce. "Kwashe, kamar yadda ka sa aka kwashe a kan gawarsa! Ka sayi ƙanena da abin da ko jaki ba zai ci ba?"

Aka rirriƙe ni. Alhaji ya kakkaɓe rigarsa, ya ce wa mutane a yi mini uzuri, zafin rashi ne da kuma abin da ke cin raina, ya shiga mota ya tafi. Masu gaisuwa suka zame ɗaya bayan ɗaya. Aka bar ni tsaye ina huci, ga dawa warwatse a ƙasa, kaji sun fara tahowa.

Sai Inna ta fito. Matar da ba ta taɓa leƙa ƙofar gida da rana ba, ta fito da tsintsiya da faifai. Ba ta dube ni ba. Ta kori kajin, ta durƙusa ta fara tattarawa. Hajara ta biyo ta, sai Rabi da mayafin takaba, tana dafa bango saboda nauyin ciki, ita ma ta durƙusa. Suka tsince ta tas, har wadda ta shige tsakanin duwatsun dakali. Suka sheƙe yashin, suka wanke ta ruwa uku, suka shanya, suka daka. Warin bai fita ba.

Bayan magariba aka kawo mana tuwo ni da Baba a akushi ɗaya, kamar yadda aka saba, sai dai babu hannu na uku. Ina jin yaran a tsakar gida suna ci suna rigima a kan ƙanzo. Na zauna na haɗe hannuwana a gwiwa, na ce a raina ko zan mutu ba zan taɓa shi ba. Baba ya yi bisimilla ya kai loma ɗaya, ya tauna a hankali, ya haɗiye da ƙyar. Tun ranar da na yi masa rantsuwa bai ce mini uffan ba. Ya turo akushin gabana.

"Ci," ya ce. "Ɗan'uwanka ne ya kawo."

Na ci. Da yashin da warin da komai, na ci har na ga ƙasan akushin.